Ɗana na son rigar Marseille mai sunan Greenwood: in saya masa ko in hana?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa magoya bayan Manchester United. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Na yi wa ɗana mai shekara 12 alkawarin rigar ƙwallo idan ya ci jarrabawa, Allah kuma ya ba shi sa'a ya ci. Da na tambaye shi wadda yake so, sai ya ce rigar Marseille mai lamba 10 da sunan Mason Greenwood, tsohon ɗan wasanmu, a baya. Yaron bai san abin da ya raba ɗan wasan da ƙungiyarmu ba, abin da ya sani shi ne ƙwallayen da yake kallo a wayata, musamman guda 21 da ya ci a gasar Faransa a kakar 2024/25. Ni kuwa ban manta da kama shi da aka yi a Janairun 2022 ba, da tuhumar yunƙurin fyaɗe da cin zarafi da ta biyo baya, da janye tuhumar a Fabrairun 2023 bayan manyan shaidu sun janye jikinsu. Kotu ba ta same shi da laifi ba, shi ma ya musanta zargin, amma ƙungiyar da ta raine shi tun yana ƙarami ta ce gara ya ci gaba da wasa a wani wuri. Shin in cika alkawarin yadda yaron ya nema, ko in zaunar da shi in faɗa masa dalilin da ya sa nake ɗari-ɗari? Ba ina tambayar ko Greenwood ya iya ƙwallo ba ne, kuma ba kuɗin rigar ne ya dame ni ba.

Ɗan Stretford:
Wa alaikumus salam. Malam, maganar gaskiya ita ce sayar da Greenwood na daga cikin manyan kurakuran da muka tafka tun bayan tafiyar Ferguson a 2013. Yaron da ke buga ƙwallo da ƙafar dama da ta hagu ba tare da ka gane wadda ta fi ƙarfi ba, shi aka bayar a kan kuɗin da bai kai fam miliyan 27 ba, alhali muna kashe ninkin wannan a kan masu kai hari da ba sa iya cin rabin abin da yake ci.

Abu Hanan:
Ɗan Stretford, kuɗin ya fi abin da ka faɗa. Abin da na karanta a lokacin ya haura miliyan 31, kuma United tana da kaso mai tsoka a duk kuɗin da Marseille za ta samu idan ta sake sayar da shi. Saboda haka ba kyauta aka bayar da shi ba kamar yadda kake nunawa. Baban Khalifa, idan rigar tsohon ɗan wasanmu yaron yake so, ka saya masa ta McTominay ta Napoli, wanda ya ɗauki kofin Serie A, gasar Italiya, a kakarsa ta farko har aka zaɓe shi gwarzon gasar.

Malam Lissafi:
Ku duka biyu kuɗi ɗaya kuke faɗa, ɗaya da fam, ɗaya da Yuro, kuma adadin ya haɗa da ƙarin da ake biya idan wasu sharuɗɗa sun cika. Ina roƙon duk wanda zai kawo farashi ya riƙa faɗin irin kuɗin da yake nufi.

Alhaji Tsohon Soja:
Baban Khalifa, ɗana, ka saurari abin da ya faru da ni, domin kowa ya daɗe zai ga daɗau. A watan Agustan 2021 na sayi riga aka buga mini sunan Cavani da lamba 7, saboda ina ƙaunar yadda mutumin yake gudu a fili kamar wanda ake bin sa bashi. Ban yi mako uku da ita ba sai ga Ronaldo ya dawo, Cavani ya bar masa lamba 7 ya koma 21. Rigata ta zama abin dariya, duk inda na zauna kallo sai an tambaye ni wane Cavani ne wannan. Ban daddara ba, ranar da Ronaldo ya ci Newcastle ƙwallo biyu a wasansa na farko, na kasa barci don murna, kwana biyu bayan haka na sake biyan kuɗi aka buga mini tasa.

Ina da amini wanda muka shafe sama da shekara 20 muna kallon wasa a kujera ɗaya. Tare muka kalli wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai da aka buga a Barcelona a 1999, lokacin da Sheringham da Solskjaer suka juya wasan Bayern Munich a mintunan ƙarshe, har ya karya agogonsa wajen tsalle. A Oktoban 2022, da Ronaldo ya ƙi shiga wasan Tottenham ya fice tun ba a tashi ba, aminina ya ce ya ci amanar ƙungiya, ni kuma na ce koci Ten Hag ne ya wulaƙanta mutumin da ya ci mana ƙwallo 24 a kakar da ta gabata. Muka yi ta ja-in-ja har zuwa Nuwamba, lokacin da ya yi hirar nan da ɗan jarida Piers Morgan, ya ce ba ya ganin girman kocin, aka kuma soke kwantiraginsa ana tsakiyar gasar cin kofin duniya a Qatar. A daren nan na sa rigar da gangan na tafi wurin kallo. Aminina ya dube ni ya ce wanda ya fifita mutum ɗaya a kan ƙungiya bai taɓa zama magoyin baya ba, ɗan kallo ne kawai. Ni kuma na mayar masa da maganar da ba zan iya rubutawa a nan ba, maganar da ta taɓa iyalinsa.

Wata takwas ba ma gaisawa. Ya aurar da 'yarsa ban je ba, kuma ni ne na yi mata huɗuba a kunne ranar da aka haife ta. Ronaldo yana can Al Nassr yana karɓar albashinsa, bai san da zamana a duniya ba. Mun shirya daga baya, amma har yau idan muna kallo akwai sunan da ba ma ambata. Rigunan biyu suna ƙasan akwati, ta Cavani ce a sama. Tun daga lokacin na rantse ba za a sake buga sunan wani ɗan'adam a bayana ba.

Gunner Har Abada:
Allah ya ba ka haƙuri Alhaji. Sai dai ina ba ka shawarar ka ajiye rigar Cavani da kyau, domin yadda kuka ƙare a mataki na 15 a kakar 2024/25, wataƙila nan gaba a nemi ka sa ta ka shiga fili da kanka.

Ɗan Stretford:
Wa ya gayyaci mutumin Arsenal cikin maganar gida? Ka tuna cewa kyaftin ɗinku Van Persie sai da ya baro ku ya zo wurinmu a 2012 kafin ya san nauyin kofin Firimiya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Maman Ihsan:
Ina neman afuwar manya, amma har yanzu ba wanda ya amsa wa bawan Allah tambayarsa. Bai tambayi farashi ba, bai tambayi McTominay ba. Ni uwa ce, kuma na fuskanci irin wannan a gidana a 2022. Ɗana yana da rigar Greenwood ta United mai lamba 11, yana son ta har yakan kwana da ita. Da labarin ya fito sai na ɗauke ta daga igiyar shanya na ɓoye, na ce masa ta ɓata. Bayan kwana kaɗan abokansa a makaranta suka ba shi labarin ta hanyar da ba zan so yaro ya ji ba, har da faifan muryar da aka yaɗa a intanet game da zargin. Ya dawo gida bai ci abinci ba, abin da ya fara tambayata shi ne me ya sa na yi masa ƙarya. Wannan tambayar ta fi komai yi mini ciwo. Baban Khalifa, ko ka saya ko ba ka saya ba, ka riga abokansa faɗa masa, da kalmomin da suka dace da shekarunsa: an zarge shi da cutar da mace, an janye ƙarar, mutane sun rabu biyu a kansa. A can Faransa ma magajin garin Marseille ya fito fili ya nuna adawa da sayensa, don haka ɗari-ɗarin da kake yi ba baƙon abu ba ne.

Ɗan Stretford:
Hajiya, da girmamawa, amma wanda hukuma ta janye tuhuma a kansa ba shi da laifi. Binciken da United ta yi da kanta, wanda ta sanar a Agustan 2023, ya ce bai aikata laifukan da aka tuhume shi da su ba. Idan ba mu yarda da wannan ba, da me za mu yarda? Kuma wannan magana ce ta waɗanda suka san ƙwallo.

Maman Ihsan:
Ƙanena, sanarwar da kake kafa hujja da ita ce ta ce ya yi kurakurai, kuma ita ce ta raba shi da ƙungiyar. Ka karanta ta har ƙarshe. Game da sanin ƙwallo, ina kallon United tun Cantona yana ɗaga kwalar rigarsa, ban sani ba ko an haife ka a lokacin. Tambayar da ke gabanmu ta tarbiyyar yaro ce, kuma ban ga inda ka ce kana da ɗa ba.

Alhaji Tsohon Soja:
Hajiya ta fi ka gaskiya, yaro. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Shawarata ɗaya ce, a sayi riga ba suna.

Abu Hanan:
Alhaji, a gafarce ni, amma shawarar wanda ya yi asarar riga biyu da amini ɗaya a cikin shekara ɗaya da 'yan watanni tana buƙatar a duba ta sau biyu. Kuma rigar Marseille ba suna, a jikin ɗan magoyin bayan United, me ta zama ke nan? Ni abin da na lura da shi shi ne ba ma riƙe ma'auni ɗaya. Pogba an dakatar da shi shekara huɗu a Fabrairun 2024 saboda sinadarin ƙara kuzari, kotun wasanni ta rage zuwa wata 18, ya koma Monaco, kuma da yawanmu mun taya shi murna. Cantona da Hajiya ta ambata ya tashi sama ya doki ɗan kallo a filin Crystal Palace a 1995, an dakatar da shi watanni, har yau muna kiransa sarki.

Maman Ihsan:
Waɗannan laifuka ne da aka tabbatar, aka yanke hukunci, aka kuma biya. Wahalar maganar Greenwood ita ce ba a kai ga shari'a ba, saboda haka kowa ya zauna da abin da ya ji da kunnensa. Ba daidai ba ne a zuba su a kwando ɗaya.

Malam Lissafi:
Abin da ya fi ba ni takaici a wannan zance shi ne dalilin da ya sa 'ya'yanmu suke neman rigunan wasu ƙungiyoyi tun farko. Yaro ɗan shekara 12 bai taɓa ganin United ta ɗauki kofin Firimiya da wayonsa ba. Abin da yake gani shi ne duk wanda ya bar Old Trafford sai ya farfaɗo. Antony da muka saya daga Ajax a 2022 a kan Yuro miliyan 95 ya zama abin zolaya a wurinmu, ya je Real Betis aro a Janairun 2025 ya taimaka musu zuwa wasan ƙarshe na Conference League, muka kuma sayar musu da shi a kan abin da bai wuce Yuro miliyan 25 ba. De Gea ya zauna shekara guda ba ƙungiya, Fiorentina ta ɗauke shi ya koma kama ƙwallo kamar da. Elanga mun ba Nottingham Forest a kan fam miliyan 15 a 2023, bayan shekara biyu Newcastle ta biya sama da 50.

Ɗan Stretford:
Antony miliyan 86 ne, ba 95 ba. Kai da kake gyara wa mutane lissafi.

Malam Lissafi:
Na rubuta Yuro, ɗan'uwa. Ka sake dubawa.

Alhaji Tsohon Soja:
Duk wannan ɓarna daga sama take. Tun da iyalan Glazer suka sayi ƙungiyar a 2005 da bashin da suka ɗora mata a ka, ake sayen 'yan wasa kamar mai cefane da dare ba fitila. Da attajiri Jim Ratcliffe ya sayi kaso a ƙungiyar a 2024 mun zaci sauƙi ya zo, sai ga shi an fara da korar ɗaruruwan ma'aikata, mu kuma muka je Bilbao Tottenham ta doke mu da ci ɗaya ta ɗauki kofin Europa. Ni ban ga laifin yaron da ya juya wa wannan baya ba.

Baban Khalifa:
Na gode muku duka, musamman Hajiya da Alhaji. Jiya da dare na fara yi masa maganar, ban kai rabi ba ya ce mini ai ya sani, wani ɗan ajinsu ya faɗa masa tun bara, kuma ya ɗauka ni ne ban sani ba shi ya sa bai taɓa tayar da zancen ba. Na tambaye shi ko har yanzu yana son rigar, ya yi shiru, sannan ya ce zai yi tunani zuwa ƙarshen mako. Mahaifiyarsa ta ce ita dai ba za ta wanke ta ba idan ta shigo gidan. Ban biya kuɗin komai ba tukuna.

Abu Hanan:
Malam Lissafi, ka manta da Carreras a jerinka. Benfica ta same shi a wurinmu a kan kuɗin da bai kai Yuro miliyan 10 ba, Real Madrid ta saye shi a kan 50 a 2025, mu kuma muna nan muna neman mai tsaron baya na hagu. Wa ya sa hannu a wannan cinikin?