Baba ya ture ƙwaryar fura saboda tsoron kansar furostet

Maman Khalifa, Aboabo:
Salamu alaikum. Babanmu shekararsa 68, kullum bayan la'asar sai an dama masa fura da nono. Tun da aka gaya masa wai kalsiyam, sinadarin ƙarfafa ƙashi da ke cikin nono, na kawo wa maza kansar furostet (wata gaɓa ce ta maza a ƙasan mafitsara) ya ture ƙwaryar, ko wagashi ya gani a miya sai ya tsame. Har ya fara ramewa. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba ni shawara.

Malam na Asawase:
Wa alaikumus salam, 'yata. Shekara uku ina haɗiyar ƙwayar kalsiyam saboda ciwon gwiwa, biyu da safe biyu da dare, ba wanda ya rubuta mini. Da fitsari ya soma tashina sau biyar a dare na tafi asibitin Komfo Anokye a Kumasi, aka ɗebi jini don gwajin PSA na duba lafiyar furostet, aka duba ni. Alhamdu lillahi kumburin furostet ne, ba kansa ba. Likita ya jera kwalaben ƙwayar a tebur yana lissafi. Ya ce dattijon da bai wuce shekara 70 ba miligiram 1,000 na kalsiyam ya ishe shi a rana, in ya wuce 70 kuma 1,200, kofin madara ɗaya kusan 300 ne. Binciken da aka yi a Amurka ya ga ƙarin haɗari ne ga masu zarce 1,500 kullum, kuma har yau ba a tabbatar kalsiyam ɗin ne sanadi ba. Ƙwayar ya hana ni. Nonona ina sha.

Tsohon direba, Alabar:
Yayana ko a shayi ba ya son madara, amma kansar furostet ce ajalinsa. Kunya ta hana shi faɗa sai da ya kai ƙashin baya. A asibiti aka ce mana tsufa, gado da kasancewa baƙar fata su ne manyan abubuwan da ake dubawa. Shi ya sa mu ƙannensa huɗu duk muka je gwaji. Ki lallaɓa tsoho ya je, Hajiya, kada ki bari sai ya kwanta.

Inna, Sawaba:
Allah ya jiƙan yayanka, direba. Maigidana da ya bar nono, miyar kuka da ƙananan kifi na ƙara masa, don ƙashin tsoho ma yana da haƙƙi.

Maman Khalifa:
Amin, Inna. Na gode ƙwarai. Baba ba zai yarda ya yi maganar fitsari da 'ya mace ba, sai dai in roƙi Kawu ya raka shi ranar Litinin. Malam, sai an yi azumi kafin a ɗebi jinin?