Bayan an ajiye bindiga: abin da masu tattaunawa suka ba da shawara

A wata tattaunawa kan yadda za a dawo da zaman lafiya bayan rikici, abin da aka fi daɗewa a kansa shi ne batun filaye. Mutum ya yi shekaru a sansanin gudun hijira, ya dawo ya tarar wani na noma gonarsa, takarda babu, dattijon da ya san iyaka ya rasu. Shawarar da aka bayar ita ce a kafa masu sasanta rikicin filaye tun kafin a mayar da jama'a gida. An kawo misalin Kolombiya, inda yarjejeniyar sulhu ta 2016 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen FARC ta sa gyaran harkar filayen karkara a babinta na farko, amma aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya.

Batun tubabbun mayaƙa ya fi zafi. Wasu suka ce in an koya wa tubabbe sana'a, kamar yadda shirin Operation Safe Corridor ke yi a Najeriya tun 2016, alhali matar da aka kashe wa miji ba ta samu komai ba, to an shuka sabuwar gaba. A ganina sun yi gaskiya. Kamata ya yi tallafi ya game unguwa duka, kuma a ba wanda aka zalunta damar faɗin abin da aka yi masa a gaban jama'a, irin kotunan gacaca na Ruwanda, wato kotunan al'umma da suka saurari shari'o'in kisan kiyashi, da aka rufe a 2012.

An taɓo 'yan sa-kai ma: a yi musu rajista, a karɓi makamansu, a sama musu aikin yi. Matasa da mata kuwa a zaunar da su a teburin sulhu tun daga farko.