CD28 da ƙwayoyin T masu taimako, mi ne aikinshi takamaimai?

Hadiza_FSS: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina karatun likitanci nan iniversite Abdou Moumouni, egzame na immunoloji ya matso kuma wuri guda ya tsaya mini a kur ɗin. In TCR (abin da ƙwayar T ke gane abokin gaba da shi) ya riga ya gane antijen, wato guntun ƙwayar cuta, bisa MHC II (furotin da ke miƙa mashi antijen ɗin), mi ya sa sai CD28 na jikin ƙwayar T ya kama CD80 ko CD86 na ƙwayar da ta miƙo antijen ɗin kafin ƙwayar CD4, wato ƙwayar T mai taimako, ta tashi? Kuma shi ka zaɓa mata ta zama Th1 ko Th2 (ire-iren ƙwayoyin T masu taimako), ko aikin sitokin ne, sinadaran da ƙwayoyin garkuwa ke aika ma juna saƙo da su?

Dan_Adar: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ɗauka soja ne ya hango mutum, gani daban umarnin harbi daban. Ƙwayar dandiritik, mai nuna ma ƙwayar T antijen, ba ta fiddo CD80 da CD86 da yawa sai ta ji alamar cuta, to in babu wannan sigina ta biyu ta CD28 ƙwayar T ba ta yin IL-2, sitokin ɗin da ke sa ta hayayyafa, sai ta yi lakwas, shi ne anerji, kuma rahama ce wallahi don da ba haka ba garkuwar jiki da naman jikinmu za ta dinga faɗa. Shi ya sa ma ake sa adjuban, sinadarin da ke zaburar da garkuwa, cikin alluran rigakafi da yawa, don ya tado dandiritik ɗin.

Lokotoro_Yamai: Zaɓen hanya galibi sitokin ne, IL-12 na kai ta Th1 mai yaƙar tarin fuka, IL-4 kuma Th2, irin wadda ake gani wajen yaran bakin kogi masu tsargiya. Amma ɗiyata kar ki rubuta cewa sigina ta biyu kunnawa kawai take. Dubi ICOS, ɗan uwan CD28, in babu shi Tfh (ƙwayoyin T masu taimakon ƙwayoyin B) ba su samuwa yadda ya kamata, ƙwayoyin B masu yin antikor su rasa mai taimakonsu, mutanen da aka haifa ba su da ICOS antikor ɗinsu ƙasa yake, yau ciwon huhu gobe zawo. Haka rashin CD40L, furotin da ƙwayar T ke ba ƙwayar B sigina da shi, yaro namiji na yin antikor irin IgM amma IgG da IgA kusan babu. Wannan a jikin mutum aka gani, ba ɓera kaɗai ba, shi ya sa nake nace ma ɗalibai a kai.

Dan_Adar: Ga CTLA-4 kuma, shi ke taka birki, ya fi CD28 riƙe CD80 da CD86. A 2006 a Landan an gwada maganin TGN1412 mai zuga CD28 kai tsaye, mutum 6 duka sai reyanimasiyo.

Hadiza_FSS: Allah saka da alheri, na gane. Baba Lokotoro, OX40 fa, wani mai ba da sigina ta biyu, shi ma Th2 yake turawa?