Kwansaltan da Hausa: mashawarci ne ko ɗan kwangila?

Jama'a, ku taimaka mu tsayar da kalma ɗaya. A rediyo da shafukanmu na Gusau da Birnin Kebbi mun saba kiran kwansaltan (consultant a Turance) "mai ba da shawara". Ni dai sunan bai kwanta mini ba, domin yana rufe maganar kuɗi.

Mai ba gwamna shawara naɗa shi ake yi, yana da ofis da albashi. Kwansaltan kuwa daga waje ake ɗauko shi, a rattaba hannu kan yarjejeniya, ya yi aiki, a biya shi daga baitulmali, ya kama gabansa. Ku tuna rikicin kuɗin Paris Club, wato rarar da aka mayar wa jihohi bayan an cire musu fiye da kima wajen biyan bashin ƙasashen waje, inda wasu irinsu suka ce suna bin jihohi da ƙananan hukumomi dala miliyan 418, ƙungiyar gwamnoni kuma ta ƙi yarda a cire daga kasonsu. Manomi a Talata Mafara da ya ji "masu ba da shawara" ina zai kawo wa ransa cewa lissafin ya kai nan?

Ga inda abin yake ci mini rai. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2011, ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Sai ka kai takardar neman rahoton kwansaltan, magatakarda ya buga mata hatimin karɓa, a ƙarshe a ce maka rahoton na kamfani ne, akwai sirrin kasuwanci a ciki. Gaskiya ne sashe na 15 ya kare irin wannan sirri, na 16 ya kare abin da ke tsakanin lauya da wanda ya ɗauke shi. Amma sashe na 2 ya sa kamfanin da ke aiki da kuɗin jama'a cikin waɗanda dokar ta hau kansu, na 18 kuma ya ce a ware abin da yake sirri, a ba ka sauran. A 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma.

Wani malami daga Argungu ya ce mu ce "dillali", tunda wasunsu kaso suke yanka kamar la'ada a kasuwar shanu. Allah ya gafarta Malam, ya dace da na Paris Club, amma injiniyan da ya zana dam ko ya duba ƙarfin gada ba dillanci ya yi ba.

Wata yayarmu 'yar jarida a Gusau ta kawo "ƙwararren haya". Yaya, yana da daɗin faɗi, sai dai kunne yana jin sa kusa da sojan haya, kuma ba zagi muka fito nema ba. "Ƙwararre" shi kaɗai kuwa yabo ne kawai.

Ni na tsaya kan "ɗan kwangilar shawara", jam'i "'yan kwangilar shawara", idan kamfani ne "kamfanin kwangilar shawara". Bahaushe da ya ji kwangila ya san akwai wanda ya bayar, akwai farashi, akwai aikin da za a miƙa, kuma nan take zai tambaya: nawa aka biya, ina aikin? Ya ɗan yi tsawo, amma yana shiga kanun labarai. Masu fassara a rediyo, ku gwada shi a bakinku ku gaya mana ko yana tafiya.