Na'urar kunne ko lakwal ta kurame? Ku ba ni shawara kan ɗiyata

Baban Nana, Agye
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah wanda zai amsa ya karanta har ƙarshe. Ɗiyata shekararta 7. Bara da bazara sanƙarau ya kama ta, kwana 11 muka yi a asibiti Maradi. Allah ya tashe ta, amma kunne ya tafi, duka biyun. Mun ɗauka jiki ne bai gama dawowa ba, sai ranar da kwanon tasa ya suɓuce wa uwarta a bayanta, kaji suka watse, ita ko ba ta ko waiwaya ba. Tana magana har yanzu, don ta iya kafin ciwon, sai dai tun damana ta fara cin ƙarshen kalma, wani lokaci ta ɗaga murya ba ta sani ba. Mushensu na CI, wato ajin farko na firamare, ya faɗa mini gaskiya, yara sun yi masa yawa, ba ya da yadda zai yi da ita.

Na saida bijimin noma, jika 230 ke hannuna. Ko in ba wani mai zuwa Kano ya sayo mata na'urar ji, ta zauna gabanmu, ko in kai ta wurin ƙanwata a unguwar Bagalam cikin Maradi ta shiga lakwal ta kurame cikin Oktoba, kuɗin su tafi ga ci da kabu-kabu. Ba su isa duka biyu. Uwarta ba ta son rabuwa da ita. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, mi ya yi?

Hajiya Mai Atamfa
Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya. Ka kai shi asibitin CURE a Yamai. Ɗan maƙwabciyata da aka haifa da ƙafa a murɗe can aka gyara shi, yau ƙwallo yake bugawa.

Ɗan Gulbi
Hajiya, mace ce, kuma kunne aka ce. CURE aikin ƙashi suke, da tsagaggen leɓe, da ƙunar wuta.

Na Malam
A samu man habbatussauda a ɗumama, ɗigo 2 safe da yamma, a haɗa da rubutu. Mun gani da idonmu.

Alhaji Ɗan Jibiya
Jika 230 don na'ura? Wa ya ce maka? Ni na sayo wa tsohona a kasuwa, jika 15 da cajarta. Yanzu har gulmar jikoki yana ji.

Majo Mai Ritaya
Malam, addu'a a yi ta, amma kada a zuba wa yarinyar komi a kunne. Sanƙarau ba toshe kunne yake ba balle mai ya buɗe shi. Can ciki yake ɓarna, inda sauti ke shiga jijiya. Baban Nana, ban ga inda ka ce an auna jinta ba. Nemi likitan kunne, wanda ake ce wa ORL, a yi mata odiyogram. Takardar ce za ta nuna ko da sauran ji. In da saura, na'ura na taimakawa, amma sai an daidaita ta da awon, an kuma yi mata ɗan robar da ya dace da ramin kunnenta, ana sake shi in ta girma. In babu saura, ko ta miliyan ka sa mata ba ta jin kalma. Ta Alhaji ƙara kawai take ƙarawa, ta tsofaffi ce masu nauyin kunne.

Maman Sani, Sabon Gari
Ƙanena, zauna in ba ka labari, don ni na sha wannan ruwan har ya shaƙe ni. Nawa yana da shekara 5 sanƙarau ya taɓa shi, yau yana da 19. Ubansa ya jinginar da gona ya ba wani mai shago jika 180, aka kawo abu cikin ɗan akwati mai kyau, ba awo ba komi. Ana sa masa sai ta riƙa fito, fiii, mu da ke zaune muna ji, shi ko sai ya dafe kai yana kuka. Mu kuma muna murna wai ji ne ya fara dawowa. Pil ɗinta ƙanana kamar ƙwayar magani, sati guda sun mutu, kuma ba a samunsu a garinmu sai an yi saƙo. Wata 4 muna danne yaro muna cusa masa. Rannan aka neme ta aka rasa, uban ya yi masa dukan da har yau ban yafe ba. Sai da kaka, da aka zo gyaran rumbu, aka tsince ta tushe cikin jinka. Da hannunsa ya ɓoye ta.

Na ce a kai shi lakwal, uwar mijina ta ce bebe mi zai yi da boko, ya bi awaki. Alhali lokacin ba bebe ba ne! Yana cewa Inna, yana cewa ruwa, yana kiran sunan ƙanwarsa. A gabana maganar ta riƙa zubewa ɗaya ɗaya kamar haƙoran tsohuwa. Mu ma muka daina yi masa magana, sai nuni da zunguri. Sai da aurena ya mutu na dawo Maradi na kai shi, yana da 12, ya fi kowa tsawo a aji, kunya ta hana shi zama. Shekara 2 ya yi ya bari. Yanzu faci yake a bakin tasha, yana ci da kansa, alhamdu lillahi, amma ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Uban ko ya ƙara aure, yana faɗa wa mutane wai kurumta daga danginmu take.

Ɗan Gulbi
Inna lillahi. Maman Sani, Allah ya saka miki. Amma jika 180 an cuce ku, wani abokina 90 ya saya.

Madan Zariya
90 ta ina? Mu a Yamai aka ce mana 350 kunne guda, ban da awo, ban da kuɗin mota, tafiyar fiye da kilomita 600, ga kwana. Biyu ake so ga yaro. Ku daina faɗin farashin abin da ba ku riƙa ba.

Alhaji Ɗan Jibiya
To ni dai 15 na saya kuma tana aiki. Masu farar riga ba su son abu mai arha.

Direban Dakoro
Alhaji sayo mini guda. Uwargida ta ce ni ma kurma ne, wai duk ranar da ta ce kuɗin cefane sai in ce "iye?"

Ɗan Gulbi
Direba, taka kurumtar ba ta jin magani sai fasinja sun cika mota.

Maman Sani, Sabon Gari
Ku yi ta dariya. Mai shagon nan har yau yana nan, ya yi Makka sau 2. Na je da akwatin na ce ya maida ko rabi, ya ce kayan lantarki ba a maidowa. Gonar ma ba ta dawo ba.

Tela Kurma
Ni kurma ne. Ina da shekara 9 kunnena ya mutu, zazzaɓi. Na karanta duka, kowa na faɗin abin da za a yi wa kurma, ba wanda ya ce a tambayi kurma. Baba, ɗiyarka ba na'ura ta fi buƙata ba, mutane take buƙata waɗanda za ta yi fira da su. Ni a gidanmu ana dariya ban san dalili ba, ana faɗa ban san dalili ba, har rasuwar kakata sai da na ga an shimfiɗa tabarmi. Ranar da na shiga cikin kurame ƴan uwana na ga ana ba da labari da hannu ana ƙyalƙyata, ranar na dawo mutum. Kai ta lakwal. Amma kai da uwarta ku koyi maganar hannu, in ba haka ba za ta dawo hutu ta zama baƙuwa. Ta lakwal daban take da wadda muke yi a kasuwa, yaro na ɗaukar duka biyu. Kuma kada ku bar yi mata magana da baki. Ku tsaya gabanta inda haske yake, ta ga leɓenku, kada ku yi ihu.

Majo Mai Ritaya
Tela ya yi gaskiya kan magana da baki. Amma awo dai shi ne farko, kada a yanke hukunci a duhu.

Na Malam
Majo, da girmanka, kai allura ka sani da ɗaurin ciwo. Yaushe ka zama likitan kunne?

Majo Mai Ritaya
Shekara 31 ina aiki, na ga sanƙarau tun kafin rigakafin 2010, lokacin da ake kwantar da yara a rumfa don gado ya ƙare. Ban ce ni likitan kunne ba ne, cewa na yi a je wurinsa. Kai fa, kunne nawa manka ya buɗe?

Madan Zariya
Ni dai ɗiya mace mai shekara 7, wadda ba ta ji, a ɗora ta kan kabu-kabu safe da rana cikin Maradi? Mota ta yi oda ba ta ji, wani ya taɓa ta ba ta iya faɗi. Maza ba ku tunanin wannan. Gwaggo komi kirkinta ba uwa ba ce.

Maman Sani, Sabon Gari
Madan, haka aka ce mini, gida ya fi. Ga abin da gida ya yi wa nawa.

Hajiya Mai Atamfa
Ai bai kamata ma ya taɓa kuɗinsa ba. Ba ga ƙungiyoyi nan ba? Ya je ma'aikatar magajin gari a rubuta sunanta, ko ya nemi ƴan FNPH, haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu. Suna sanin lokacin da ake rabo.

Mai Walda, Mokoyo
Hajiya kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Shan inna ya cinye mini ƙafa tun ina yaro. Sau 4 wasu masu farar mota suna zuwa unguwarmu rubuta sunaye. A jera mu a rana, a ba ka allo ka riƙe, a ɗauki hoto, a ce keke na nan tafe. Kekena da nike hawa ni na ƙera shi da ƙarfen gado da ƙafar basukur. Da rabon ya zo, ƙanen mai rubuta sunayen ya samu, shi da ke tafiya da ƙafafunsa, ya saida a kasuwa. Mu sai 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, a tuna da mu, a ba mu riga mai rubutu da lemu.

Tela Kurma
Mu ko hoton ma ba a cika ɗaukarmu ba, don naƙasarmu ba ta fitowa a hoto. Matata kurma ce. Da ta je haihuwa ba mai fassara, ana ta yi mata magana ta baya, aka ce taurin kai gare ta.

Mushe Ɗan Tasawa
Kuma doka na nan. Tun 1993 aka ce ma'aikatar da ke da mutum 20 ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu, an kuma yi sabuwar doka a 2019. Ku nuna mini inda kuka ga kurma a bayan tebur.

Mai Walda, Mokoyo
Bayan tebur? Mushe, matakala 6 ce a ƙofar ofishin da ake karɓar takardun. Sai dai in aika yaro.

Baban Nana, Agye
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maman Sani, na karanta wa uwar Nana naki, ta yi kuka, amma ba ta ce komi ba. Majo, awon nan nawa ne, kuma ana yin shi nan Maradi ko sai Yamai? In sai Yamai ne kuɗin sun ragu ke nan. Tela, ina iyaye ke koyon maganar hannun? Kuma har yanzu ba wanda ya ce mini ko ana ɗaukar yaron da ke magana da bakinsa.

Mai Walda, Mokoyo
In suka zo rubuta sunanta, ka tambayi sunan mai rubutawa kai ma ka rubuta.

Direban Dakoro
Tsaya tukuna Baban Nana. Bijimin noma sukutum jika 230? Wace kasuwa ka kai shi, kuma wane ne dillalin?