"Ƙanwata" yake ce mini, amma ya zo har gida ya gaida Mama

Ƴar Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara, abin nan ya hana ni sukuni. Akwai wani ɗan ajinmu a ABU Zariya, tun aji ɗaya muke karatu tare a laburaren Kashim Ibrahim, yanzu ga mu aji huɗu. Bai taɓa furta mini komai ba, "ƙanwata" ma yake kirana.

Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da ni, na koma gida. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga yaro ya shigo wai ana sallama da ni. Ina leƙawa na ga shi ne, tun daga Samaru, riƙe da ledar lemo da kankana. Ya kwafe mini duk darussan da suka wuce ni da hannunsa, har ya ja layi da jan biro a inda malami ya nanata. Sannan ya ce a nema masa iso ya gaida Mama. Tun daga soro ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa, bai ɗago kai ba. Da ya tafi Mama ta daɗe tana kallona, sai ta ce, "Yaron nan yana da hankali."

Ni kam zuciyata ta karkata gare shi. So ne wannan, ko kirkinsa ne kawai? Ina tsoron in saki jiki in ji kunya.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya ƙara sauƙi. Lemo da kankana kowa ma na kai wa marar lafiya dubiya. Shiga gaida Mama ne abin dubawa, don saurayi ba ya son iyayen yarinya su san fuskarsa sai da dalili. Duk da haka kada ki yanke hukunci tukuna. Mai sonki da aure zai nemi izinin zuwa zance, daga baya ya turo magabatansa. Kafin nan ki kama mutuncinki, ki yi istihara raka'a biyu.

Ɗan Sabon Gari:
Bari in faɗa miki ta ɓangarenmu maza. Sau da yawa "ƙanwata" ɗin nan mafaka ce. Ɗalibi ne, bai gama ba, ga bautar ƙasa a gabansa, ba aiki, da wane baki zai ce yana so? Tsoro yake kada a ce ya fito alhali bai shirya ba. Wanda zai zauna ya kwafe miki darasi shafi-shafi, ƙanwata, ruwa ba ya tsami banza.

Anti Malama:
Ban yarda da kai duka ba, malam. Akwai masu kirkin da haka suke yi wa kowa. Ki lura, idan wata ƴar ajinku ta kwanta, yana zuwa gidansu? In akwai abokinsa da kika yarda da amanarsa, ƙawarki ta bugi cikinsa a hankali, ba da sunanki ba.

Ƴar Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, bara ƙawata ta yi jinya kusan wata guda, a waya kawai ya gaishe ta. Ɗazu kuma ya turo saƙo yana tambaya ko Baba na gida ranar Asabar, wai bai samu ya gaishe shi ba wancan zuwan. Har yanzu ban ba shi amsa ba. Me zan ce masa?