Shawarwarin matafiya kan ɗakin otal mai ƙazanta

Da muka tattauna da wasu matafiya kan otal-otal marasa tsafta, abin da aka fi nanatawa shi ne kada ka biya kuɗi sai ka leƙa ɗakin. Ka yaye zanin gado, ka haska ɗinkin katifa da fitilar waya, domin nan kuɗin cizo ke ɓuya, kuma baƙaƙen ɗige-ɗigen da za ka gani kashinsu ne. Kada ka ɗora jaka kan gado, sai ka kwashe su zuwa gida ba ka sani ba. Ni nan hankalina ya fi tashi, don raba gida da su aiki ne ja.

Sai banɗaki: murɗa famfo, ja ruwan masai. Tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareto.

In matsalar ta bayyana bayan ka biya, ɗauki hoto, nemi manaja nan take, ka buƙaci canjin ɗaki ko maido kuɗi. An ɗan yi saɓani kan kai ƙara hukumar FCCPC, mai kare haƙƙin masu sayen kaya da ayyuka a Najeriya. Wasu sun ce ɓata lokaci ne kan kuɗin kwana ɗaya. Masu goyon baya suka ce a dai riƙe rasit, don ba a sauraron ƙorafi da baki kawai.